Abin da Laka Ta Riƙe

A gonar dankalin Sjoerd, can arewacin Holan,
inda ƙasa ta fi teku ƙasa,
garma ta ci karo da ƙarfe, ta karya haƙori.
Sai aka kira Wietske.

Ta zo da takalmin roba da tsohuwar taswira,
da na'urar da ke kuka in ta sansano ƙarfe.
Ta kafa turaku, ta ja zare,
ta ce wa mai motar haƙa: bi a sannu,
ba rijiya muka zo tona ba.

Kwana uku laka na rowa.
A na huɗu ta saki farfela,
lanƙwashe kamar kunnen tsohon kare.
Sai warin man jirgi ya taso,
shekara tamanin a binne, bai manta kansa ba,
har leburori suka take sigarinsu.

Tjitske, gwaggon Sjoerd, ta iso tana dogara sanda.
Tana 'yar shekara shida, in ji ta,
daren da sama ta yi tari,
wuta ta rikito bayan madatsar ruwa,
uwarta ta rufe mata ido da tafin hannu
mai warin albasa.
Albasar ce ta fi tunawa.

Wietske ba ta musu da tsofaffi.
Tana tace laka a rariya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa:
ga ƙusa, ga gilashi, ga maɓalli,
ga lamba a jikin inji
da za ta kai ta ɗakin adana takardu,
inda sunaye bakwai ke tsaye a layi
ƙarƙashin magana ɗaya: ba su dawo ba.

Da la'asar cokali ya fito.
Ɗan cokalin shayi, an karce harafi biyu a mariƙinsa.
Ta goge shi da babban yatsa,
ta daɗe ba ta rubuta komai ba.
Ƙarfe dai ƙarfe ne, sikeli ya san nauyinsa,
amma wannan ya san bakin wani.

An cike ramin kafin sanyi ya kankama.
'Yan ƙasusuwa, ƙaramin akwati,
da wasiƙar da ta haye teku
tana cigiyar jikan da bai san ana binsa kuka ba.

Baɗi Sjoerd zai sake shuka a wurin.
Ya ce kunyar nan kullum ta fi sauran kore,
shi kuwa bai taɓa tambayar dalili ba.