Mota Ba A Soma Ta

A Halifax, saman ɗakin karatu na gari,
daren Talata, ruwa na tsiyaya jikin gilashi,
Malama Winifred Ackroyd ta cire safar hannu,
ta rubuta kalma uku da alli mai tsuwa,
ta ce yau darasinmu kan farawa.

Begin, ta ce, mai kunya ce.
Shigowarta kamar ƙanshin shayi,
ba ka sanin lokacin da ta zauna.
Da ita littafi ke buɗe baki,
da ita duhu ke soma sauka kan tsaunuka.

Commence kuwa ta sa kwat, ta ɗaure wuya,
sai a kotu, sai takardar hayar gida,
sai bakin fada a coci ranar binne gawa.
Kar ka kai ta kicin, ɗana,
tukunya ma dariya za ta yi maka.

Start ita ce ta kowa.
Hannunta baƙi ƙirin da man inji.

Zbigniew direban bas ya ɗaga yatsa,
ya ce kullum asuba yana begin motarsa.
Malama ta girgiza kai har ɗan kunne ya motsa:
mota ba a soma ta, tada ta ake yi.
Labari ka soma, inji ka tada,
haka wuta, haka rigima, haka sabon kanti.
Can da, ta ce, kafin kakan kakanmu,
kalmar na nufin zabura,
irin ta zomo in ƙirare ya karye a dawa.

Sai allin ya karye a hannunta.

Ba wanda ya yi tari.
Rojda, mai ɗinki, ita ta tambayi lafiya.
Ta ce wata bakwai ke nan da Cedric ya rasu,
koriyar motarsa na nan a gareji,
shi kaɗai ya san lallashinta.
Shekara arba'in ina koyar da kalmar, ta ce,
na murɗa makulli, ko gyaran murya ba ta yi ba.

Ranar Asabar muka je mu huɗu.
Zbigniew da wayoyin batir a kafaɗa,
Rojda da tocila, Tesfay da gorar fetur,
ni ba ni da komai sai ƙarfin turawa.
Hularsa na nan kan kujera. Ba mu taɓa ba.
Muka gangara da ita layin duwatsu,
takalmina na santsi, numfashi na hayaƙi,
ta yi tari ɗaya, ta yi shiru,
ta yi na biyu kamar tsoho mai mura,
a na uku ta yi ruri har tantabaru suka watse.

Malama na bakin ƙofa da butar shayi.
Ta zabura.
Na ga tsohuwar ma'anar da idona,
shayi ya zube kan silifas ɗinta.

Talata ta zagayo, ruwan bai ɗauke ba.
Zbigniew ya sake ɗaga yatsan nan nasa:
to kuka fa, Malama,
soma shi ake yi ko tadawa?
Ta goge allo, ta daɗe tana gogewa.
Wannan, ta ce, duk wadda ka ɗauka daidai ne.
Ku buɗe shafi na sha tara.