Mai Ƙarfi

Shekara tara ina hura gawayi a bakin tashar Ɗan Isa
tun ladan bai gyara murya ba.
Tebur guda, benci biyu, buta mai baƙin gindi,
da wani gwangwanin madara
wanda ba madara a ciki.

Ba mai kiran sunanta.
"Nomau, mai ƙarfi," iyakar zancen ke nan.
In kai hannu ƙarƙashin tebur,
in ɓare ƙwaya a gindin kofi, in motsa.
Ƴan kabu-kabu, masu turin kura, masu dakon albasa
su kurɓa su miƙe kamar an sake musu baya.
Ni kuwa in ce wa raina:
gajiya nake sauke wa bayin Allah.

Tsahiru ƙanena ne, ciki ɗaya.
Shi ke wanke mini kofuna tun yana lakwal.
Ya ga inda hannuna ke zuwa.
Ban koya masa ba.
Ban kuma kare idonsa ba.

Da ya sami babur ɗin haya
sai ɗaya da asuba, sai biyu, sai huɗu,
har ya zama ba don ƙarfi yake sha ba,
don dai ya iya tashi daga tabarma.
Tuwo ya daina shiga. Wando ya nemi igiya.
Inna Cima ta ce sammu ne,
ta tafi Tibiri neman turare.
Na yi shiru. Ni na ba ta kuɗin mota.

Ran Litinin, kasuwa na ci,
ya ɗauko wata mata da kwandon zogalen Jiratawa.
Tsakar kwalta jikinsa ya sandare bisa babur.
Ganye ya watsu, matar ta karye a hannu,
shi yana shure-shure, kumfa da jini a baki.
Wani ya ce iska ne.
Na san sunan iskan nan.
Na san nawa ake sayar da shi.

A babban asibiti majo Habsu ba ta yi faɗa ba.
Ta ce, nawa a yini? Ya ce, biyu.
Ta jira.
Ya ce, takwas.
Ta ce wannan ƙulli ba a sa masa wuƙa,
warware shi ake, zare-zare.
Ta rubuta abin da za a rage kowane mako,
ta ce hanta da ƙoda sun ji jiki amma ba su sallama ba,
ya dawo Laraba, ko ya sha ko bai sha ba,
ya zo dai da gaskiya.
Sannan ta juyo gare ni: ina yake samu?
Na dubi takalmina.

Daren farko ba dare ba ne.
Zufa cikin sanyi, hamma ba barci,
ƙashi na ciwo har ɓargo, ciki na gudu.
Ya zage ni, ya roƙe ni, ya kira ni yaya.
Na riƙe ƙafafunsa har asalatu,
da hannun nan dai, wanda ke motsa kofi.

Kwana ashirin da shida, ya koma.
Ba a wurina ba: tsallaken hanya akwai wani tebur.
Laraba ya je ya faɗa da bakinsa.
Majo ta ɗauki biro ta ce, to, mu sake lissafi.

Yanzu sukari ne cikin gwangwanin.
Benci ɗaya ya ishe ni, wani lokaci ya yi yawa.
Duk Juma'a ina kai jika biyu Jiratawa,
hannun matar bai miƙe daidai ba har yau.
In baƙo ya zauna ya ce mai ƙarfi,
sai in ƙara masa citta.

Tsahiru ya dawo wankin kofuna.
Hannunsa na ɗan rawa.
Wannan watan ya fasa uku.
Ban cire a kuɗinsa ba.