Kwana Huɗu, Ba Suna

Kwananki huɗu a duniya.
A ɗan ƙyallen da ke ɗaure a ƙafarki
an rubuta 'yar Suwaiba, shi ke nan.
Ragon sunanki na can Rigasa
a gindin darbejiya, yana tuƙa,
bai san komai ba.

Daren Talata kika ƙi nono.
Cibiya ta yi ja, jiki ya yi sanyin randa,
kukan ma kika daina,
shi ne ya fi ba ni tsoro.

Likita Rifkatu ta ja ni bakin taga.
Ta ce cuta ta shiga jini, allurai muna yi,
amma fararen ƙwayoyin jininta, masu gadin gida,
sun ƙare tas,
ɓargonta kuwa ɗanye ne, ba ya ƙera wasu da sauri.
Ni mai walda ne a Panteka,
na san ranar da aiki ke fin ƙarfin maƙera.

Ta ce za mu aro mata na wani.
Ba sa jure zaman leda, yau a ɗiba, yau a saka.
Kuma malam, ban yi maka alkawari ba.
Wani jaririn yakan tashi, wani ba ya tashi,
masu binciken ma ba su gama sani ba.

Na naɗe hannun riga.
Suka gwada, suka ce nawa bai dace ba.
Ni da na haife ki.

Bitrus Kazah ne ya tsallako gada daga Sabon Tasha,
kan babur, tun ladan bai yi kiran farko ba.
Mai sayar mini da gas ne,
yana bina dubu bakwai tun kafin azumi.
Ya kwanta, ya juya fuska bango.
Ashe ƙaton nan tsoron allura yake.

Na zaci zan ga ja wur.
Sai ga 'yar leda, ba ta cika tafin hannu ba,
kalar zoɓon da aka cika wa ruwa.
Wannan ce rundunar?

Ɗis.
Ɗis.
Na ƙirga har ɗari uku na ɓace.
Aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari sau biyu
kafin ya kama.
Suwaiba na jan carbi, rigarta ta jiƙe da nonon
da ba ki sha ba.

Da hantsin Alhamis, a cikin kwalba,
kika murtuke fuska, kika yi wata 'yar ƙara
kamar ƙyauren da ke son mai.
Likita ba ta yi murmushi ba.
Ta duba takarda, ta ce mu ga gobe.

Bitrus ya bugo waya: ya 'yarmu?
Bai ta da zancen bashi ba.

Na aika wa yaron gida saƙo
ya ƙara wa ragon dusa,
ya sauya masa ruwa.
Asabar saura kwana biyu.