Sa Hannun Matuƙin Kumbo

Riyal ɗari huɗu na zube a wata rumfa ta Balad,
na rungumo hoton kamar jinjiri:
ɗan wasan da ya tuƙa kumbo ya gifta Zahra,
kwalkwalin gilashi a ka,
sa hannunsa kwance bisa ƙirjin rigar azurfa.
Na goma sha ɗaya ke nan a akwatina.

Baffa Tanimu bai san fim ba.
Shekara talatin ya yi yana tantance cak a bankin Jidda.
Ya kurɓi shayi, ya ɗora tabarau kan tabarau.

"Hannun gaskiya sauri yake, Mudi.
Mai suna ba ya tunanin sunansa.
Dubi nan: alƙalami ya tsaya, ya ja numfashi,
ya waiga kamar ɓarawon akuya.
Inda tsoro ya sauka, nan tawada ke taruwa."

Na ce akwai takardar shaida, har da hatimi.
Ya ce, "Ita kuma wa ya shaide ta?"

Biyu suka tsira.
Ɗaya ma na wanda dodo ya haɗiye ne tun farkon fim,
ba wanda ya wahalar da kansa kwaikwayonsa.

Na fito, gumin Bahar Maliya ya manne mini riga.
Taran ban yar ba.
Wani ya kwana a ƙarƙashin fitila
yana koyon sunan da ba nasa ba,
ni kuma na kwana ina tara kuɗinsa.
Tauraron bai san ko ɗayanmu ba.