Ƙugun Mota

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba
a garejinmu na bayan garin Curitiba,
sanyin watan Yuli ya cije min yatsu.
Motoci ashirin da shida kwance a jere
kamar kadoji a bakin gulbi,
kowace da ƙugu a tsakiyarta.

Ƙugun nan shi ne gonata.
Shekara goma sha tara ina rarrafe ƙarƙashinsa,
ni Valdomiro, da fitila ɗaure a goshi,
ina shafa wa faifan ƙarfe giris,
ina ɗinke fatar nan mai naɗi-naɗi
da ke buɗewa ta tsuke kamar zugazugin maƙeri.
Fasinja ba ya gaida ƙugu.
Shi dai a ba shi kujera kusa da taga.

Mai lamba ɗari uku da bakwai ita ce mai taurin kai.
In ta sha kwana sai ta yi ƙara
irin ta ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba.
Na canza mata ƙusa, na canza roba,
na zage ta, na lallashe ta.
Ita aka ba Jucimara.

Jucimara 'yata ce.
Tun ranar da na sayar da gidan uwarta
na biya bashin asibiti ban shawarce ta ba,
gaisuwa ta yi tsada tsakaninmu.
Wata goma sha ɗaya. Ina ƙirgawa.

In na tashi aiki ba na wucewa gida.
Nakan wanke hannu sau uku, baƙin ya ƙi fita,
in shiga ta ƙofar baya,
in tsaya kan faifan tsakiya
inda ƙasa ke juyawa ƙarƙashin tafin mutum,
ƙafa ɗaya a rabin gaba, ɗaya a rabin baya.

Tashoshin gilashi kamar kwalabe a kwance
suna ta tsiyayo mana jama'a.
Ga Dona Zenaide mai sharar banki, rungume da kofinta,
ga yaron nan mai barci a tsaye,
littafin lissafi a hammata.
Magina biyu na musun ƙwallon jiya har da rantsuwa.
Wata nas ta zare takalmi tana murza diddige.
Numfashinmu ya rufe tagogi,
wani ya zana kifi da yatsa a jikin raɓar.

Layin namu ne mu kaɗai.
Ƙananan motoci sun cunkushe a gefe suna ta ham,
muna wuce su ko waiwaye babu.

Babbar kwanar kusa da Pinheirinho nake jira.
Nan kan mota ke karyawa hagu
wutsiya ba ta gama yarda ba tukuna.
Na daƙiƙa uku motar takan zama biyu,
in na kara goshi da gilashi
sai in hango madubin direba can gaba,
da rabin fuskar 'yata a ciki,
ta cije leɓe kamar yadda uwarta ke yi in tana zura zare.
Sai motar ta miƙe, madubi ya ɓace.

An ce na gaba idon na baya.
To, na tsakiya fa?

Akwai littafi a ofis mai bango shuɗi
inda direbobi ke rubuta lalurar mota.
Kullum da yamma rubutunta ɗaya ne:
"Ƙugu na ƙara."
Ba suna, ba sannu.

Daren Laraba na kwana ƙarƙashinta,
na gano tsaga siririya kamar gashi
a inda ido bai taɓa kaiwa ba.
Da safe ta sha kwanar nan shiru.
Har Dona Zenaide ta ɗaga kai,
kamar wadda agogon ɗakinta ya tsaya.

Yau na buɗe littafin.
"Ƙugu ya yi shiru.
A gaya wa bakaniken ya riƙa sa safar hannu,
sanyi ya yi yawa."

Na karanta sau huɗu a tsaye.
Sai Edivaldo ya ƙwala min kira daga rami,
wai fatar ɗari uku da sha biyu ta yage,
kuma ƙarfe biyar za ta fita.