Kututturen Kirsimeti

Takwas ga Disamba na hau dutse,
gatarin babana a kafaɗa.
Na sauko da guntun kututture,
ƙanƙara na narkewa a wuyan rigata,
ban tsaya gaisawa da kowa ba.

A ƙauyenmu, gindin duwatsun Kataloniya,
Tió ake kiransa.
Na dasa masa ƙafa biyu daga gaba,
na zana ido da gawayi, baki har kunne,
jar hula a ka, bargon Eulàlia a gadon baya,
don a gidan nan ko icce
ba mu taɓa barinsa cikin sanyi ba.

Kwana goma sha shida ana kiwonsa.
Queralt ta kawo ɓawon lemo,
ƙanenta Oleguer ya kawo burodi,
ya ce, "Ci ka yi ƙiba."
Da asuba kwano fes.
Shekara arba'in aikin matata ne wannan,
ta cinye burodin a duhu, ta kai wa akuya ɓawon.
Bana kujerarta ba ta ɗumama ba.

Dare na tara ina durƙushe,
burodi a baki, ɓawo a aljihu,
sai matakala ta yi ƙara.
Queralt ce, 'yar shekara bakwai, ba takalmi.
Ta dubi kwano, ta dubi kumatuna.
Na haɗiye da ƙyar.
Iccen, ɗan halak, bai ƙara mini da komai ba.

Na ɗora ta a cinya, na ce, "Ji asali.
Zamanin kakana ba shi da fuska.
Murhu ake tura shi daren Kirsimeti,
ya ba da haske, ya ba da ɗumi.
Tokarsa a barbaɗa a gona,
guntun da wuta ta rage a ɓoye saboda tsawa.
Kyautarsa ke nan.
Alewa baƙuwa ce, ba da ita aka fara ba."

Ta ce, "To, don me muke dukansa
bayan mun ciyar, mun lulluɓe?"
Na duba rufin ɗaki, na tona toka,
ban samo mata amsa ba.

Ranar jajibere aka kora yara kicin
su ɗumama sanduna a bakin wuta.
Ga busasshen ɓaure, ga alewar zuma a hannuna,
gwiwa ta ce atafau ba za ta lanƙwasa ba.

Sai ga ta, wai safa ta manta.
Ta karɓe kayan ba magana,
ta cusa su ƙarƙashin bargo,
har da albasar ƙarshe,
wadda in ta fito an san cikin ya ƙare.
Yadda ta gyara gefen bargon,
ban ga kowa ya iya ba sai kakarta,
ita ma ban taɓa faɗa mata ba.

Oleguer ya shigo kamar mai sarar daji,
tim, tim, yana waƙa, yana tsalle,
"Yi kashin alewa, kututture!"
Aka ɗaga bargo, ya kurma ihu,
ya rungume iccen da ya gama jibga.

Ita ma ta ɗaga tata sandar.
Ina kallo daga kujera.
A hankali take saukewa,
can wajen hula,
inda bargon bai rufe ba.