Rubutun da ke Cikin Gansakuka

Da sassafe na isa fangalin Baffa Ilu,
a gefen Auyo, inda kanal ke lanƙwasa,
da kwalabe goma sha biyu cikin tsohuwar kula.
Yana goye da injin feshi,
warin magani ya riga sallamarsa isowa.

"Hansatu, duk bokon naki a gansakuka ya ƙare?
Abin da ke kayar da mutum a bakin rijiya?"
Na yi dariya, na tsuguna, na ɗebi koriyar,
na ɗebi mai shuɗi-shuɗin da ke kwance kamar maiƙo a kan miya,
na rubuta: fangali na uku, kwana biyu bayan feshi.

Bai sani ba, ta daɗe tana yi masa ƙodago.
Ita ke zuƙo taki daga iska ta ajiye wa shinkafa,
ba ta taɓa tambayar kuɗin yini ba.
Ƙananan kifi su yi kiwo a kanta,
babba ya haɗiye ƙarami,
mu kuma mu ci babban da yaji ranar kasuwa.

A ɗakin gwaji, ƙarƙashin madubi,
sai ga ta a jere kamar carbi.
Cikin kowace ƙwaya akwai rubutun gado,
dogon layi, haruffa huɗu kacal,
uwa ta kwafa wa 'ya, 'ya ta kwafa wa jika,
tun kafin a haƙa kanal,
tun kafin garin ya sami suna.

Ta kududdufin bayan gari, inda feshi bai kai ba,
rubutunta ya karantu sumul.
Ta fangali na uku kuwa,
nan harafi ya faɗi,
can wani ya zauna a gurbin wani,
kamar wasiƙar da ta kwana a aljihu aka wanke rigar.
Wasu sun ƙoɗe, sun daina rabuwa.
Wasu sun yi taurin kai sun rayu,
ban dai san me suka zama ba.

Sau uku na maimaita. A na biyu aka ɗauke wuta.
Malamata ta ce kada in yi saurin ɗora laifi,
zafin rana ma na iya yi, gishirin taki ma haka.
Sai na wanke kwalabe na koma.

"To, in daina?" in ji Baffa.
"Tsutsa na huda kara, mai bashin taki na jira."
Ban da amsa. Na ce ya ba ni kaka biyu.

Ya daɗe yana kallon ruwan.
Sannan ya nuna da haɓa:
"Wancan na ƙarshe, kusa da giginya, ba zan fesa ba.
In ya lalace, ke da gansakukarki."

Na kafa kara, na ɗaura masa jan ƙyalle.
Balbela ta sauka a ciki kafin in rufe kula.